Ƙanina Yana Neman Maus Ɗinsa, Ni Kuma Na Kulle Shi A Durowa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Admin a ɓoye sunana, kuma ko wani ya nemi lambata kada a ba shi. Don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku ce wani abu, domin ni mutum ne mai son magana ta bi tsari, kuma zan kawo ta yadda ta faru, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ku san ko su wane ne mu. Ni da ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, muna da ƙaramin situdiyo na ɗaukar waƙa a wajen Makera, gidanmu kuma yana Tudun Wada. Zan kira shi Auta tunda shi ne ƙaraminmu, yana da mata da yara ƙanana. Ni ba mawaƙi ba ne, ban kuma yi karatu mai nisa ba, sakandare na gama na shiga aikin kamfani a Kudenda, a sashen da ake duba kaya kafin a loda su a mota. Da aka rage ma'aikata sai na dawo muka haɗa kai da shi. Auta shi ne mai kunne, shi ne mai hannu, shi yake haɗa kiɗa ya daidaita muryoyi. Ni nawa tsari ne, wa zai shiga yau wa zai jira, mai a janareto, a cire takalmi a bakin ƙofa, ba a cin abinci kusa da kwamfuta. Kuma akwai dokar da ba na sassautawa, babu waƙar da za ta bar shagon sai na zauna na saurare ta daga farko zuwa ƙarshe, na kuma duba ta da idona a allon kwamfuta. Mawaƙa suna kirana Oga Sifeto in na juya baya, na sani, bai dame ni ba.

Abu na biyu, yadda abin ya shigo shagonmu. Bara kafin azumi Auta ya fara kukan wuyan hannunsa na dama yana masa ciwo, yana cewa yana jin hannun ya yi masa nauyi in ya daɗe yana aiki. Wani abokin sana'a ya ce yawan riƙe maus ne, wato ɗan abin da ake ja a tebur ana sarrafa kwamfuta, mu gwada tirakfad, wani abu shimfiɗaɗɗe mai santsi da ake ajiyewa a tebur a riƙa shafawa da yatsa maimakon a ja maus. Mu a shago faranti muke ce masa don ya yi kama da farantin shayi. Ni na je na sayo shi, ni kuma na ɗauke maus ɗin na sa a durowata na kulle, don na san halin Auta, in yana ganinsa zai koma masa.

Dole in yi muku bayanin aikin kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane abin da ke tsorata ni ba. A kowace murya da aka ɗauka akwai wani layi da ake ja a kanta, shi ke nuna inda za a ɗaga ƙara da inda za a sauke. Da maus, Auta ɗigo yake sakawa, ya danna nan ya danna can, kwamfuta ta haɗa tsakaninsu da miƙaƙƙen layi da kanta, hannunsa kuma yana kwance a kan maus ɗin, tebur na tallafe da shi. Da farantin ya zo sai ya samo wata hanya da ya fi so. Zai saki waƙar tana tafiya, ya lumshe ido, ya ɗora yatsa ɗaya yana bin muryar mawaƙi, in ta yi ƙasa ya ɗaga ta, in ta yi tsawa ya sauke ta, kwamfuta kuma tana rubuta duk motsin yatsan nan komai ƙanƙantarsa. Ya ce yanzu ne yake jin yana taɓa muryar da hannunsa. Gaskiya aikin ya yi kyau, layukan da yake ja a farkon lokacin sumul suke, suna hawa suna sauka kamar tudu da gangare. Har ƙungiyoyin mawaƙan coci daga Unguwar Boro suka fara zuwa wurinmu saboda yadda yake fito da muryoyi masu yawa ba tare da wata ta danne wata ba. Na yi murna, na ɗauka na yi dabara.

Abu na uku. Da damina ta kankama, wata rana ina duba wata waƙar biki kafin a ba mai ita, sai na ji muryar tana wani ɗan karkarwa a wuraren da mawaƙin ya ja numfashi mai tsawo. Ba kowa zai ji ba. Na buɗa hoton layin ya yi girma, sai na ga ba sumul yake ba, yana da ƙananan haƙora kamar na zarto. Na nuna wa Auta, ya yi dariya ya ce ai wutar janareto ce, in ba a binne masa waya a ƙasa da kyau ba farantin yakan yi tsalle. Maganarsa tana da kan gado, don haka na bi ta. Na kira mai gyaran wuta ya binne sabuwar waya. Haƙoran ba su tafi ba. Auta ya ce danshin damina ne da gumin yatsa, na sayo ƙyalle na musamman ana gogewa kafin kowane aiki. Ba su tafi ba. Ya ce wayar farantin ce, na canza. Na ɗauki farantin da kaina na kai wa mai gyaran kwamfuta a kasuwa, ya gwada a gabana ya ce Alhaji wannan lafiyarsa ƙalau, ko za ka sayar mini. Daga ƙarshe na jira ranar da Auta ya je suna, na zauna a kujerarsa, na saki waƙa na ja layin da yatsana. Ni ban iya bin murya ba, layina ya karkace kamar hanyar ƙauye, amma ba shi da haƙori ko ɗaya. Na buɗe ayyukansa na farkon zuwan farantin, babu. Na bi su a jere zuwa na kwanan nan, na ga inda suka fara tsirowa ƙanana, da yadda suke ƙara tsawo daga wannan aiki zuwa na gaba. Na kashe kwamfutar.

Daga ranar na fara lura da abubuwan da a da ban sa musu ido ba. Kofin shayi da hannu biyu Auta yake ɗauka. In mawaƙi yana masa magana hannun daman yana cikin aljihu, ko ya zauna a kansa. Ya daina sa riguna masu maɓalli a wuya. Ranar da na miƙa masa allurar ɗinke igiyar labulen shago, sai ya ce idonsa ne ba ya gani sosai, in sa zaren da kaina. Auta da yake hango lambar mota daga tsallaken titi.

Yanzu abin da ya fi tsorata ni. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, tela ne a Tudun Wada, aikin wuyan riga yake yi. Ina saurayi lokacin da ɗinkinsa ya fara karkacewa. Ya ce keken ɗinkin ne. Aka canza allura, aka canza bel, ni na riƙa ɗaukar kan keken a ka ina kai wa mai gyara ina dawowa da shi. Duk gidan muka taya shi zagin keken nan. Innarmu takan jira ya tafi masallaci ta farke inda ya karkace ta sake bi, don kada masu kaya su gani, don kada shi ma ya gani. Da abin ya fito fili aka ce sammu ne daga abokan sana'a, aka shiga rubutu da hayaƙi da turare, shekaru suka tafi a haka. Lokacin da aka kai shi asibiti likita ya yi mana faɗa, ya ce me ya sa sai yanzu. Ban riƙe sunan ciwon ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba. Abin da na sani shi ne daga hannun dama ya fara, kuma a ƙarshe Baba ba ya iya kai ludayi bakinsa ba tare da kunun ya zube a ƙirjinsa ba. Ni ina kamfani a lokacin, Auta ne yake gida, shi yake ba shi abinci a baki, shi yake goge masa. Baba mutum ne mai jin kansa, yakan juya fuska bango yana hawaye yana taunawa. Auta ya ga abin da ni ban gani ba.

Ranar sadakar ukun Baba, bayan mutane sun watse, Auta ya same ni a bayan gida ina harhaɗa tabarmi. Ya ce, "Yaya, in abin nan na Baba ya zo mini, kada ka gaya mini. Ko ka gani ka yi shiru. Kuma wallahi ba zan zauna har a kai ga ba ni abinci a baki ba." Na ce masa ya daina maganar banza, wa ya ce masa gado ake yi. Ya ce shi dai in ce to. Na ga idonsa ya yi ja, ga gajiya, na ce to don ya ƙyale ni. Ban taɓa tambayarsa me yake nufi da ba zai zauna ba. Yanzu kalmar nan ita ce take hana ni cin abinci.

Abin da nake yi a 'yan kwanakin nan, in ya gama aiki ya fita sallah ko cin abinci, sai in fito da maus ɗin daga durowa, in bi layukansa ina share haƙoran ina miƙar da su, in mayar in kulle kafin ya dawo. Ina cikin yi wata rana sai na tuna Inna a kan keken Baba, ta ɗora gilashinta a hanci tana farke zare tana waigen ƙofa. Zama iri ɗaya, waige iri ɗaya.

Kuma ba kullum nake samun damar gyarawa ba. Makon da ya wuce matan zumunta na wata coci a Unguwar Boro suka zo sauraron waƙarsu, ba su sanar ba, ni kuma ban riga na bi ta ba. Shugabarsu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Mama, mai barkwanci, ta yi aikin jinya kafin ta yi ritaya. Aka saki waƙar, ga ganga ga tulu ga kacau-kacau komai ya zauna, sai da aka zo inda mai ba da waƙa take jan murya ita kaɗai. Mama ta ɗaga hannu ta ce, "Injiniya, tsaya tsaya. Me ka yi wa muryar Maman Ladi? Ta koma kamar tana waƙa a bayan acaɓa a hanyar Kudenda." Matan suka fashe da dariya, ita Maman Ladi tana rantsuwa ba haka ta rera ba, wata tana ce mata tsufa ne ki yarda kawai. Auta ya taya su dariya, ya ce farantin Oga Sifeto ne yake mana wannan aikin, bari ya gyara yanzu. Ya ɗora yatsa. Mama tana zaune daf da shi. Na ga lokacin da idonta ya sauka daga allon kwamfuta zuwa hannunsa, na ga lokacin da dariyar ta bar fuskarta. Ta ce a bar shi kawai, ba sauri suke ba, za su dawo ranar Asabar ta mako mai zuwa. Da suka fita tana neman takalminta a bakin ƙofa, ta bari sauran suka yi gaba, ta ce da ni a hankali, "Oga, ba injin ba ne fa. Ka sani ko?" Na ce mata na gode Mama, a gaida gida. Ta sa takalminta ta tafi.

Ga kuma babur. Kullum da shi yake zuwa shago, ta kan gada, tsakanin tireloli da motocin haya, kuma duk wanda ya san babur ya san da hannun dama ake ba da wuta, da shi ake kama birkin gaba. Shekaranjiya ya iso madubi a fashe, wandonsa a yage a gwiwa, ya ce mai keke napep ne ya goge shi. Na duba babur ɗin, ban ga fentin kowa a jikinsa ba, ƙasa kawai na gani. Matarsa ta kira ni tana godiya wai na ba shi hutun rabin yini, ba ta san komai ba, ko kuma ita ma ta sani tana nata farke zaren, Allah masani. Inna kuwa tana nan da ranta, hawan jini gare ta, kuma na tabbata in ta ji, kafin azahar an kawo malami da garwashi.

A ranar da ya zo da madubin a fashe ne muka yi faɗa da shi, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ya ce tun da na kawo farantin nan aikinsa ya lalace, na sa ana masa dariya a gaban mata, in buɗe durowa in ba shi maus ɗinsa. Na ce ba zan bayar ba, ciwon wuyan hannu zai dawo. Ya ce hannunsa ne ko nawa. Na ce doka ce, a shagon nan ba a komawa baya. Ya ce ni ba ubansa ba ne, nan kuma ba kamfani ba ne, ban iya do re mi ba amma na fi kowa kafa doka. Na ce ya faɗi duk abin da yake so, makulli yana aljihuna. Mun yi ta ɗaga murya har mai shagon caji na kusa da mu ya leƙo, kuma a duk faɗan nan babu wanda ya ambaci hannu yana rawa, babu wanda ya ambaci Baba. Muna ta zagin faranti, yana ajiye a tebur tsakaninmu.

Ku fahimci abin da zai faru in na ba shi. Zai koma saka ɗigo, hannunsa a kwance, kwamfuta tana miƙar masa da layi. Haƙoran za su ɓace, muryar Maman Ladi za ta fito sumul, matan za su karɓi waƙarsu su yi godiya, shago zai zauna lafiya. Ba wanda zai sake ganin komai, wataƙila har tsawon lokaci. Farantin nan shi kaɗai ne a duk duniya yake faɗa mana gaskiya kullum, in na cire shi na rufe bakinsa ke nan, mu koma irin zaman da muka yi da keken Baba har likita ya sake tambayarmu me ya sa sai yanzu.

Abu na ƙarshe, shi ne ya sa na rubuto. Jiya bayan azahar aka ɗauke wuta, na fita sayo mai. Da na dawo ban shiga ta ƙofar gaba ba, na bi ta ɗakin ɗaukar murya don in ajiye galan, kuma akwai gilashi tsakanin ɗakin da inda kwamfuta take. Na hango shi a kujera. Kwamfuta a kashe, faranti a kashe, babu abin da yake aiki. Ya ɗora yatsa a gefen farantin yana jan shi a hankali zuwa ɗaya gefen, ya ɗaga, ya koma ya sake ja. Sai ya kama wuyan hannun da hannun hagu ya danne, ya sake ja. Sai ya saki, ya ɗaga yatsan daidai fuskarsa yana kallonsa. Da ya ɗago ya gan ni ta gilashin bai firgita ba, ya ce ƙura yake gogewa. Na zagayo na shigo. Ya ce, murya ƙasa ƙasa, babu faɗa a cikinta, "Yaya, ranar Asabar matan nan za su dawo. Ka ba ni maus kafin nan." Ya ce, "Kai ne kake cewa mutum ba ya canza magana. Ka ce mini to a bayan gida." Ya tashi ya ɗauki makullin babur da hannun hagu ya fita.

Jama'a, maus ba abu ne mai wuyar samu ba. A layinmu kaɗai akwai masu sayar da shi, yaro ma zai iya aika ya sayo masa, ya jona ya ci gaba da aikinsa ba tare da ya tambaye ni ba. Bai saya ba. Na cikin durowata yake so, kuma daga hannuna yake so ya karɓa. Na gane abin da yake roƙo, so yake in miƙa masa in ce e, farantin ne, mu rufe maganar mu biyu.

Ni ban taɓa saɓa magana ba tun da nake, shi ya sa ake jin tsorona, shi ya sa kuma ake yarda da ni. In na zaunar da shi na ce Auta hannunka ne, tashi mu je asibiti, na karya abin da na ɗaukar masa ranar da muka fi kowa rauni, kuma ban san me zai yi da jin ta daga bakina ba, mutumin da ya ce ba zai zauna ba, wanda kullum yake bi ta kan gada shi kaɗai. In na ba shi maus na cika alƙawari, na kuma zama Inna. Na yi tunanin in nemi Mama ta yi masa magana tunda ta san aikin jinya, amma zai gane ni na turo ta. Na yi tunanin in fara da matarsa, ina tsoron kuka ya riga magana isa wurinsa. Mai yiwuwa ma ba ciwon Baba ba ne, mai yiwuwa abu ne da ake magani a warke, amma ba za mu sani ba sai an je, kuma ba za a je ba sai wani ya buɗe baki.

Don Allah masu ilimin addini, alƙawarin da aka ɗauka a irin wannan hali dole ne a cika shi? Ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, yaya ake gaya wa mutumin da ya riga ya sani amma ya roƙi kada a gaya masa? Waɗanda suka taɓa ganin irin wannan a gidansu, me kuka yi, kuma me kuka yi da-na-sanin yi? Kada ku ce mini in yi addu'a kawai, ina yi. Yau Alhamis. Makullin durowar yana aljihuna, tun safe nake taɓa shi. In buɗe in ba shi, ko in ɗauke makullin babur ɗinsa in ce masa Auta zauna, magana za mu yi?